Lambar da Ba Tawa Ba

Litinin, 3 ga wata, bayan La'asar

Bismillahi. Yau a asibiti sun ba ni wani ɗan littafi mai layi-layi, wai in riƙa rubuta awon jinina safe da yamma. Wancan na lambobi ne. Wannan kuwa ragowar littafin makarantar 'yata ne da na tsinto a ƙasan akwati, shi zan riƙa gaya wa abin da ba ya shiga layi.

168 bisa 102. Sukari ma ya haura. Nauyi kilo casa'in da bakwai, kuma sai da na cire takalmi.

'Yata ta kusa haihuwa, haihuwar fari, a can ƙasar da mijinta yake aiki, tafiyar jirgi biyu. Mutum ɗaya aka yarda su gayyata. Likita ya ce ya ba ni sati huɗu. In jinin ya sauka ƙasa da 140 bisa 90, ya kuma zauna a nan, zai sa hannu in tafi. In bai sauka ba, ba zai bar ni in yi wata uku nesa da shi ba.

Na gaya mata ta waya. Ta ce, "Umma, kada ki sa damuwa a ranki. In bai yiwu ba, ai sai Mamana ta zo."

Mamana. Haka take kiran Auta, ƙanwata, tun waɗancan shekaru biyun. Ni Umma ce, ita Mamana.

Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Da bakina na faɗa, na kuma so a ce har zuci ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe, a wurin aiki

An rufe kwaɓi na biyu ya tashi, ina da minti ashirin.

Shekara goma sha tara ina awon kwaɓi a gidan burodin nan. Giram ɗari huɗu da hamsin kowane curi. Ban taɓa barin ɗaya ya wuce da ragin giram biyar ba, don tun ina makarantar allo ayar masu tauye awo take ba ni tsoro. Shi ya sa suke ce mini Mai Awo. Abin da ban taɓa aunawa ba shi ne abin da yake shiga bakina: gefen burodin da ya ƙone, ɗanɗanon kwaɓin kek, shayi mai cokali uku da sassafe, wani da hantsi.

Jiya a asibiti wata nas mai tabarau ta jera mu mu takwas a kan benci. Ta ce, "Ku saurare ni, iyayena. Duk kilon da mutum ya ƙara, ƙarin hanyoyin jini ne da zuciya za ta kai wa. Famfo ɗaya ne, gidajen unguwa suna ƙaruwa, dole ya matsa da ƙarfi. Kitsen ciki kuma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa. Shi kuwa sukari, in ya daɗe a jini, laushin jijiya yake cinyewa, ta sandare kamar tiyon da aka bari a rana. To, ga ruwa ya yi yawa, ga tiyo ya ƙi buɗewa. Wa ya gane?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ni dai na gane an hana ni shayi."

Ta kuma lissafa mana alamun sukari in ya yi ƙarfi: ƙishirwa, yawan fitsari, rama babu dalili, ido ya riƙa yin hazo, ciwo ya ƙi warkewa. Na rubuta su a bayan littafin. Ni ba ni da ko ɗaya, balle ramar.

Ɗazu Mai tanderu ya kama ni a kan sikelin fulawa. Ya ce, "Buhu biyu ba kilo uku. A kai sito ko a bari a nan?" Na yi dariya don kowa ya yi.

Alhamis, 6 ga wata, bayan Magariba

Kabeji, wake, gasasshen kifi, babu gishiri. Malam, maigidana, ya yi loma biyu ya dube ni, ya ce, "Wai laifin me muka yi?" Na ce ni ce mai laifin, shi rakiya ya yo. Da zan jiƙa wanki sai ga ƙullin gishiri a aljihun rigarsa. Na ajiye masa a kan taga.

161 bisa 99.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta zo, yanzu ta tafi.

Shekara tara na ba ta. Tana da shagon ɗinki a bakin babban titi, da ɗan firiji kusa da keke wanda ba ya rabo da lemon kwalba. Biyu ta zo da su a jaka. Ta sha ɗaya a gabana, ta bi da ruwa kofi biyu, ta shiga bayi, ta fito ta buɗe ɗayan.

Ta juya a tsakiyar ɗaki ta ce, "Yaya, dubi nan. Siket uku na rage wa ƙugu cikin wata biyu, kuma wallahi ba abin da na daina ci."

Gaskiya ta faɗa. Wuyanta ya fito kamar na budurwa, hannuwa sirara. Ɗan tumbin ne kawai bai tafi ba, shi ma ta san yankan rigar da ke ɓoye shi. Ni kwana biyar ina cin ganye kamar akuya, rabin kilo bai motsa ba. Tun muna yara haka take. Ni in yi wanke-wanke, ita a yaba mata murmushi.

A bakin ƙofa ta ce, "Ki dage, Yaya, ke ya kamata ki je. Amma dai na sabunta fasfona, saboda ko-ta-kwana."

Na ce ta kyauta. Astagfirullah.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Jiya Auta da 'yata sun yi minti arba'in da biyu a waya, Auta ce ta gaya mini. Ni goma sha ɗaya. Ba ƙirgawa na yi ba, wayar ce take nunawa.

Talata, 11 ga wata, bayan Magariba

Ba zan rubuta komai a kan yau ba.

Laraba, 12 ga wata, bayan Asuba

Zan rubuta, tunda littafi ba shi da baki.

Jiya Auta ta kawo yadin da za ta yi wa jariri riguna, wai in zaɓa. Ta ga na'urar awon jinin a kan tebur, ta miƙo hannu tana dariya. "Kawo in ga abin nan da ya hana ki sukuni." Na naɗa mata. A hannuna da ƙyar yake haɗuwa, a nata har ya yi saura. Tana ta ba ni labarin wata mai ɗinki da ta ce an ɓata mata hannun riga, na'urar tana hurawa. Ta tsaya. Fuskar na'urar ni take kallo.

Ta ce, "Nawa na ci?"

Na kashe. Na ce, "Magana kike yi, ba ya karantawa daidai in ana magana."

Nas ta faɗi haka da bakinta. Ban yi ƙarya ba. Auta ta ce, "To bar shi, ni lafiyata ƙalau," ta koma kan yadinta.

Lambar ba zan rubuta ta ba. Ta fi duk wadda na taɓa samu, nesa ba kusa ba. Amma ba ita ce ta hana ni sukuni ba. Kafin tsoro ya zo mini, wani abu ne ya riga shi. Wani sanyi ya ratsa ƙirjina, irin na wanda aka ce masa ya ci jarrabawa. Tsawon numfashi ɗaya ya yi. Na dai ji shi.

Malamarmu, Allah ya ji ƙanta, ta koya mana cewa kowane aiki da niyyarsa ake auna shi. Na zauna na tona tawa niyyar. In na ce wa Auta ta je asibiti, don Allah zan faɗa ko don kujerar jirgi? Na tona, na tona, duk inda na taɓa sai in ji kujerar. Ba zan yi wa 'yar'uwata hassada in lulluɓe ta da mayafin nasiha ba. Sai na wanke zuciyata tukuna, sannan in yi magana da baki mai tsarki.

Kwana biyu ko uku, in Allah ya yarda.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na fara zagaya filin ƙwallon makarantar da ke bayan layinmu. Zagaye uku, da hutu biyu. Kilo ɗaya ya tafi.

Da na dawo na huta, na auna. 157. Na ce ko ban zauna daidai ba, na sake. 154. Na gyara matashi. 151, sai 149, sai 152, sai 144. A na bakwai ta ba ni 138 bisa 88. Ita na rubuta a littafin asibiti.

Lambar tawa ce, daga hannuna ta fito. Ban ƙirƙira ba.

A wurin aiki in allurar sikeli tana rawa, jira nake ta tsaya, ba na zaɓar inda ya yi mini daɗi. Amma wannan ai ba burodi ba ne, babu wanda zai saya.

Litinin, 17 ga wata, bayan La'asar

Ina sa Auta a addu'a bayan kowace salla. Ina roƙa mata lafiya da buɗi. In na shafa sai in duba zuciyar, kamar mai duba ko wanki ya bushe. Bai bushe ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na biya shagonta bayan an tashi aiki, da niyyar in faɗa.

Ta jera rigunan a kan teburin yanka, guda shida, ruwan ƙwai da fari, kowace ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Ɗinkinta babu abin cewa, wannan kam ban taɓa musu ba. Mata biyu suna zaune a benci suna jiran gwaji. Ta miƙo mini allura ta ce, "Yaya, zura mini zaren nan, idona yau hazo yake yi. Fitilar shagon nan ce." Na zura mata. Akwai tsumma a ɗan yatsanta, ta ce almakashi ne tun wancan satin, ya ƙi rufewa. Tana yi tana danna ƙeyarta. Kwalabe huɗu babu komai a gindin keke.

Na san abin da ke rubuce a bayan littafina. Ni na rubuta shi.

Ta ɗaga ƙaramar rigar ta ce wa matan, "Na ɗiyata ne. Ni na goye ta. Yaya, kin tuna lokacin da ba ta barci sai a bayana, ina taka keke tana jijjiga?"

Ban tuna ba. Ba na nan. Ina wancan ɗakin asibiti mai farin labule, daga baya kuma ina gidan iyayenmu, ban san safe ba ban san yamma ba. Wanda na je haifa bai zauna ba. Da na dawo hayyacina na tarar da yarinyata tana ɓuya a bayan zanen Auta in na miƙa hannu. Ban taɓa cewa Auta ta yi laifi ba. Budurwa ce a lokacin, ta ajiye komai nata ta riƙe mini 'ya. Allah bai ba ta nata ba har yau. Duk na sani.

Na buɗe baki. Sai ta nuna mini lungu. "Kin ga akwatin da na saya? Mai taya huɗu."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Auta, ki rage lemon nan."

Ta kwashe da dariya. "Kun ji Yaya! Tunda aka hana ta, so take a hana duniya." Matan suka taya ta. Ni ma na yi murmushi, na ɗauki jakata.

Juma'a, 21 ga wata, bayan Magariba

Na ce, "Malam, in mutum ya san wata gaskiya, amma in ya faɗe ta shi ne zai amfana, ya faɗa ko ya yi shiru?"

Bai ɗago daga rediyonsa ba. Ya ce, "In dai ba batun gishirina ba ne, a faɗa."

136 bisa 87, a karo na biyar.

Lahadi, 23 ga wata, da yamma

Zagaye biyar ba hutu. Kilo casa'in da huɗu da rabi. Na farkon awo ma ya fara sauka da kansa, yau 153 ne. Da na san haka abin yake tafiya a hankali, da tun shekara goma na ajiye cokali na uku.

Auta ta aiko mini hoton sabuwar rigar tafiyarta. Ta sake ragewa.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, a wurin aiki

Mai tanderu ya zo da faranti guda ya ajiye a gabana. Ya ce, "Mai Awo, waɗannan 'ya'yan wa ne? Ba su kai girman 'yan'uwansu ba."

Na ɗora ɗaya a sikeli. Ragin giram sittin. Duka ashirin da huɗun haka. Ban cire nauyin da na sa na ƙananan burodi ba, na yi ta yanka ina ajiyewa, hankalina yana shagon ɗinki.

Shekara goma sha tara. Na ce a ware su kada a sayar a matsayin manya. Ya ce, "Haba, wa zai lura?" Na ce ni na lura. Ya dube ni ya ce, "Ko yunwar nan ce take taɓa ki? Ci gefe ɗaya, ba zan gaya wa likita ba."

Na shiga sito na zauna a kan buhu har hawayen suka tsaya.

Alhamis, 27 ga wata, bayan La'asar

Na aika wa 'yata hoton littafin asibiti. Ta kira nan take, cikinta har ya cika wayar. "Umma! Lambobinki sun yi kyau! Ashe za ki zo!" Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Sai kuma ta ce, "Kai, amma Mamana za ta ji ba daɗi. Har akwati ta saya. Umma, ki bi ta a hankali in za ki gaya mata."

Ko na ci, ita ake wa jaje.

Lahadi, 30 ga wata, da safe

Gobe asibiti. Sun ce a zo da na'ura a gwada ta da tasu. Zuciyar ba ta wanku ba. Kwana goma sha tara.

Litinin, 31 ga wata, bayan Magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ragi.

Nas mai tabarau ta duba littafina ta ce madalla. Ta ɗora ni a sikeli, kilo casa'in da huɗu, ta ce wannan ƙoƙari ne na gaske. Sannan ta auna ni da tasu na'urar: 152 bisa 94. Ta bari na huta, ta sake. Haka dai. Ta auna da tawa, haka. Ta dubi littafin, ta dube ni. Sai ta danna wani maɓalli a gefen na'urar wanda ban taɓa taɓawa ba.

Ashe tana riƙe komai. Kowane awo, da ranarsa da lokacinsa. Ta yi ta dannawa suna wucewa, biyar-biyar, bakwai-bakwai, duk waɗanda na zubar.

Ta ce, "Malama, ke ma?" Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ci gaba da komawa baya, sai yatsanta ya tsaya. "Wannan fa? Talata sha ɗaya ga wata, biyar da kwata na yamma. 198 bisa 119. Da wannan kika zauna a gida?"

Tafiya ta riga ta kuɓuce. Da na ce tawa ce, faɗa kawai za ta yi mini ta ƙara magani, in tashi da sauran mutuncina. Na daɗe ina kallon lambar.

Na ce, "Ba tawa ba ce."

"Ta wa?"

"Ta ƙanwata."

"Tana shan magani?"

"Ba ta sani ba."

Ta cire tabarau. Na gaya mata sauran: ƙishirwar, ramar, idon, yatsan. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin niyya, cewa ina jira ne zuciyata ta yi tsarki don kada nasihata ta zama hassada. A bakina ma na ji yadda maganar ta yi.

Ta ce, "Malama, jijiyar da ke cikin kanta ba ta san niyyarki ba. Ramar da kike gani sukari ne yake cin ta. Tashi ki kawo ta yanzu, da hassadar da komai."

Na tarar da shagon cike. Auta tana durƙushe da filoli a baki tana kama wa wata gefen siket. Na tsaya a ƙofa na faɗa mata, a gaban kowa, don na san in na jira su fita ba zan faɗa ba. Na faɗi lambar. Na faɗi ranar.

Ta cire filolin ɗaya bayan ɗaya. "Likita ya sa miki hannu?"

"Bai sa ba."

"Ah to." Ta miƙe. "Sai yau da aka hana ki kika tuna ina da jini? Kwana ashirin kina kallona, sai yau? Yaya, baƙin ciki kike yi mini. Ku ji fa, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Duk rayuwata in aka ɗaga mini murya shiru nake yi. Na ce, "Eh."

Shagon ya yi tsit, har ana jin firiji.

Na ce, "Ina yi. Ranar da na ga lambar nan daɗi na fara ji kafin tsoro. Shekara ashirin da shida ina jin zafin Mamanan nan da ake ce miki. Ina kishin ramarki, ina kishin akwatinki. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, lambar ma gaskiya ce. Ɗauki mayafinki."

Ta daɗe tana kallona kamar ba ta san ni ba. Ta fizgi mayafin ta ce, "Zan je. Don in kunyata ki zan je."

A mota ba ta zauna kusa da ni ba.

193 bisa 116. Sukarin kuwa, da nas ta gani, likita ta je ta kira. Sun ba ta gado.

Talata, 1 ga sabon wata, da Azahar

Na kai mata abinci. Ba ta yi mini magana ba. Ta ci.

Laraba, 2 ga wata, bayan La'asar

'Yata ta kira. Abu ɗaya ta ce: "Umma, kwana ashirin?" Ban kare kaina ba.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An sallame ta. Likita ya ce ƙodar ta fara taɓuwa amma an tare da wuri, idon kuma za a riƙa dubawa. Ya ce abin ya yi shekaru yana ci a ɓoye, sukarin ya sandarar da jijiyoyin, kitsen cikin yana taya shi, ba aikin sati uku ba ne. Na san don ni ya ƙara wannan ta ƙarshen. Ban karɓa ba. Ni na san abin da zai iya faruwa a kowace rana cikin ashirin ɗin, tana ita kaɗai a shago bayan masu ɗinki sun watse.

Babu mai tafiya a cikinmu. An mayar da takardar gayyatar da sunan uwar mijin.

Na kwashe kwalaben firijin na raba wa maƙwabtan shago. Auta tana zaune tana kallona. Da na gama ta ce, "Ki bar mini ɗaya in riƙa kallo." Ita ce magana ta farko.

Laraba, 23 ga wata, bayan Magariba

Namiji ne. Jiya da hantsi, lafiya lau, ita da shi. Alhamdu lillahi.

Kwana goma ke nan Auta tana bi na filin ƙwallo. Tana tafe tana mita, wai an mai da ita dokin sukuwa da tsufanta. Yau muna zagaye na uku wayoyinmu suka yi ƙara tare. Muka tsaya a gindin raga. Hoto ne: uwar mijin a kan kujerar asibiti, ta sha ado, ta rungume shi tana washe baki.

Muka ce masha Allah.

Auta ta matso da wayar kusa da idonta. Ta ce, "Dubi yadda ta riƙe masa kai. Kamar ta ɗauko kankana."

Na ce, "Auta, ki ji tsoron Allah."

"Kuma riga shida na aika. Shida! Wannan shuɗin abin daga ina?"

Na sake dubawa. Na ce, "Hular ma ta yi masa yawa."

"Ta yi masa yawa mana! Ita ta saya, na rantse."

Muka ci gaba da tafiya. Mun kusa rabin fili ta dafe ƙirji, har gabana ya faɗi. Ta ce, "Ba ciwo ba ne. Wani abu ne ya tsaya mini a nan, kamar na haɗiyi garwashi." Ta juyo. "Yaya, haka kike ji?"

Na ce, "Haka."

"Shekara ashirin da shida?"



Ta ce, "Kai. Kuma kika riƙa kawo mini abinci." Ta kama gefen mayafina kamar yadda take yi tana ƙarama in za mu tsallaka titi, ba ta sake ba har muka cika biyar.

A gida muka zauna minti biyar ba magana, yadda nas ta ce. Na naɗa mata, ta naɗa mini, na juya fuskar na'urar yadda duk za mu gani. Tata 149 bisa 92. Tawa 144 bisa 91.

Ta ce, "Sake mana, saura kaɗan ki shiga."

Na rubuta ta farkon.